Samuel Ajayi Crowther, Yaron da Yaƙi Ya Ci Garinsu

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:1-17, Ibraniyawa 13:1-3.

A darasin nan muna nazarin addu'a domin 'yan'uwa masu shan tsanani saboda bangaskiya, da mutanen da yaƙi ya ci ƙasarsu. Manzanni sun umurce mu mu riƙa tunawa da su kamar jikinmu ne ya ke shan azabar. Umurnin yana da wuya, gama mutum ya kan yi roƙo da zafi domin wanda ya san fuskarsa, amma in an ce mutanen ƙasa kaza, sai ya ambace su a baki ya wuce. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo labarin mutum ɗaya daga cikin irin waɗannan, tun daga ranar da aka sa masa igiya a wuya har ranar da aka binne shi.

Ranar da aka ci Oshogun

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Oshogun, wani gari mai ganuwa a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Oyo ta yanzu. A zamanin nan daular Oyo tana rushewa, ƙasa ta cika da yaƙin basasa, kowane mai ƙarfi yana kamun bayi yana turawa bakin teku. Wata rana da hantsi a farkon 1821, mata suna cikin shirya abinci, sai mahara suka kewaye garin. Yarabawan Oyo ne Musulmi, tare da waɗansu Filani. Mazan gari suka tsare ƙofofi 'yan sa'o'i, kāna aka rinjaye su. Uban Ajayi ya shigo gida da gudu ya ce wa iyalinsa su tsere, ya koma wurin faɗa. Ganin ƙarshe ke nan da yaron ya yi masa. Kafin su kai bayan gari aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka ɗaure su wuya da wuya, suka waiwaya suka ga garinsu yana cin wuta.

Da aka yi rabon ganima, aka ba da Ajayi musayar doki. Dokin bai gamshi mai shi ba, aka komo da yaro. Bayan 'yan watanni aka raba shi da uwarsa, ya yi ta sauya hannu daga kasuwa zuwa kasuwa, har aka saye shi da taba da barasa. Tsoron Turawa ya sa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa da ɗamararsa, amma Allah bai nufa ba. A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, ya daɗe cikin sarƙa, sa'an nan aka loda su cikin jirgi, mutum ɗari da tamanin da wani abu. Ma'anar sunan jirgin nan a harshen masu shi ita ce kyakkyawan bege.

Ran 7 ga Afrilu 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙin Ingila biyu suka tare shi. Yaran ba su gane ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade rataye, da tarin harsasan igwa, suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da aka kwance su aka ba su abinci hankalinsu ya kwanta. A watan Yuni aka sauke su a Saliyo.

Waɗanda suka yi roƙo ba su san sunansa ba

Ya kamata mu tambaya, me ya kawo jiragen yaƙin nan bakin Ikko a wannan rana? Ingila kanta ta daɗe tana kan gaba a cinikin bayi. Amma waɗansu masu bi a can, William Wilberforce da abokansa, suka ɗauki nawayar bayin Afirka a zuciya. Wajen shekara ashirin suna addu'a, suna rubuce-rubuce, suna kai maganar majalisa ana kayar da su, har a 1807 aka yi doka ta hana Ingilishi wannan ciniki, aka kuma tura jirage su tsare teku. Mutanen nan ne kuma suka kafa ƙungiyar mishan ta C.M.S. a 1799, wadda malamanta suka karɓi yaran da aka kwance. Sa'ad da suka fara durƙusawa ba a ma haifi Ajayi ba, ba kuwa wanda ya taɓa jin sunan Oshogun a cikinsu.

A ƙauyen Bathurst na Saliyo aka sa shi makaranta. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ikilisiya na London, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare wajen shekara hamsin.

A 1841 Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara, domin a ƙulla cinikin halal da sarakuna a kashe na bayi. Crowther yana ciki, tare da wani malamin mishan Bajamushe, J. F. Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen arba'in, tafiyar ta watse. Duk da haka abu biyu suka fito daga cikinta. Schön ya duƙufa kan harshen Hausa, shi ne kuwa ya fara juya littattafan Linjila zuwa harshen da mu ke karanta wannan darasi da shi. Shugabannin mishan kuma suka gane 'ya'yan ƙasa ne za su kai bishara cikin ƙasa. Aka kira Crowther zuwa London, aka ɗora masa hannu a 1843.

Uwa da ɗa

A watan Agusta 1846 ya shiga Abekuta tare da Henry Townsend. Abekuta kanta garin 'yan gudun hijira ce, gama Egbawan da yaƙi ya watsa ne suka taru ƙarƙashin dutsen Olumo wajen 1830. Bai yi wata guda a can ba aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Suka riƙe juna, jikinta yana rawa, tana kiransa da sunayen da kakarsa ta saba kiransa da su. Ita ma ta sha bauta, an fanshe ta, an sāke kama ta. Ba da daɗewa ba yaƙi ya ci garin da ƙannensa su ke zaune, aka kawo su da 'ya'yansu a ɗaure, ya biya kuɗi ya fanshe su. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, da shi ke uwar Sama'ila ce.

Ikilisiyar Abekuta ba ta daɗe ba ta ɗanɗana tsanani. A 1849 masu bi suka binne ɗan'uwansu bisa ga ka'idar Kirista, ba tare da al'adun tsafi ba. Masu cin abinci da waɗannan al'adu suka husata. Aka kama masu bi maza da mata, aka yi musu bulala, aka sa su a turu cikin rana da ruwan sama, aka ci su tara mai nauyi. Crowther ya yi ta kai kuka wurin sarakunan gari har aka sake su. Sa'an nan ran 3 ga Maris 1851 Sarkin Dahomey, Gezo, ya kawo wa garin yaƙi da rundunarsa, har da mayaƙansa mata da suka yi suna. Aka kore shi bayan an zub da jini mai yawa. A ƙarshen shekarar nan Crowther ya je Ingila ya ba da labarin yaƙin bayi a gaban manyan ƙasa. Ya gana da Sarauniya Victoria, ya kuma karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci.

A bakin Kwara

A 1854 ya sāke hawan kogi tare da Likita Baikie, suka bi Binuwai nesa. Wannan karo aka sha kwini, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa aiki a Onisha da kuma Gbebe, daura da Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka gamu. Niyyarsa ya kai Sakkwato, amma jirginsu ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Suka yi kusan shekara a bakin kogi suna jiran wani jirgi, shi kuwa ya mai da zaman jiran nan lokacin koyon Nufanci. A Gbebe aka yi baftisma ta fari a 1862. Bayan 'yan shekaru yaƙin gida ya ƙone garin, masu bi suka haye zuwa Lakwaja.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Canterbury, baƙar fata na fari da ya riƙe wannan matsayi a ikilisiyar Angilikan. Cikin taron akwai Leeke, shugaban jirgin yaƙin da ya ɗauke shi shekara arba'in da biyu da suka wuce, ya tsufa, da wata gwauruwa, matar Weeks, wadda ta koya masa karatu yana yaro.

Rigar Bishop ba ta tsare shi daga ɗauri ba. A watan Satumba 1867, yana cikin kwale-kwale da ɗansa Dandeson, wani basarake mai suna Abokko ya kama su kusa da Ida, ya kwashe kayansu, ya ce sai an biya fam dubu. Kwana goma suna tsare, suna kwana a ƙasa. Mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja, William Fell, ya zo da jirgi ya ƙi biyan kuɗin, ya ce musu su ruga. Suka kai jirgi lafiya, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu a hanya. Mutuwar nan ta yi wa Crowther ciwo ƙwarai. Duk gidan da aka taɓa sace wa mutum ya san irin wannan kwanaki goma, ya kuma san sau da yawa ba a fita daga cikinsu sai da hasara.

Tsanani mafi zafi a Boni ya faru, can bakin teku. An buɗe aiki a garin a 1865 bisa gayyatar sarkinsa, daga baya Dandeson ya zama mai kula da shi. Yawancin waɗanda suka ba da gaskiya bayi ne. Da suka ƙi yin aiki ran Lahadi, suka kuma ƙi cin naman da aka yanka wa gumaka, iyayengijinsu suka hana su zuwa sujada. A 1875 wani bawa da aka yi wa baftisma da sunan Joshua Hart ya ƙi cin hadaya. Aka ɗaure shi hannu da ƙafa, aka jefa shi cikin kogi, aka buge shi da filafilai har ya mutu. Waɗansu aka kai su daji cikin sarƙa wata da watanni. Bishop ba shi da soja. Abin da ya ke da shi ke nan: ya je gaban sarakuna ya roƙe su, ya ƙarfafa masu bi, ya rubuta labarinsu da sunayensu ya aika wa ikilisiyoyin Ikko da Saliyo da Ingila domin a yi musu addu'a. Ubangidan Joshua, wanda ya sa aka kashe shi, kafin ya mutu ya ba da umurni a zubar da gumakansa. A 1889 aka buɗe babbar majami'a a Boni, aka kira ta da sunan Istifanas, shahidi na fari.

Addu'a domin sarakuna

Mutumin da Musulmi suka ƙone garinsu, da ya riƙe su a zuciya, duniya ba za ta ga laifinsa ba. Crowther bai riƙe ba. Tun yana saurayi a Saliyo ya gwada gardamar addini, ya ga ba ta haifar da kome sai fushi, ya bar ta. Ya riƙa ziyartar Masaba, Etsu Nufe, a Bida, ya kai masa Littafi Mai Tsarki na Larabci, ko da shi ke ya san mayaƙan sarkin suna kamun bayi. Ya nemi izini da ladabi, ya faɗi gaskiya ba zagi.

A 1872 hanya ta bi da shi ta Ilori. Sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi a kan Yesu. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta amsa, ya fara da saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu cikin Luka sura 1. Da aka tambaye shi game da littafin addu'o'in da ke hannunsa, ya karanta musu addu'ar da a ke yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan mai mulkinta a ke sawa a wurin. Fada ta ji daɗin wannan. Abin da Bulus ya koya wa Timotawus ke nan (1 Timotawus 2:1-2), gama zaman lafiyar talaka yana rataye a hannun mai mulki. Amincin nan ya yi nisa har Etsu Maliki na Bida ya aika masa da wasiƙa cikin Hausa, yana roƙonsa kamar uba ya yi magana da Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasar Nufe.

Rauninsa na ƙarshe daga cikin gida ya fito. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka zo da niyyar shiga ƙasar Hausa daga Lakwaja. Masu himma ne, amma sun rena aikin baƙar fata. Akwai rauni a waɗansu tashoshi, gaskiya ne, sai dai hukuncin da suka yanke ya wuce kima. A wani taro a Onisha suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, har da ɗansa. Tsohon ya sauka daga shugabancin taron, bai rama ba. Ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. A 2014 Babban Bishop na Canterbury ya furta a fili cewa an zalunce shi. Ya bar Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, wanda shi ne jigon juyinsa, da ikilisiyoyi tun daga Boni har Lakwaja.

Abin da ya shafe mu

Labarin nan bai yi nisa da mu ba. A ƙarnin da aka ci Oshogun, mahara daga Kwantagora da waɗansu wurare sun yi ta kamun bayi a ƙasar Gbagyi, har garuruwa da yawa suka koma kan duwatsu. Mai zama a Ushafa, in ya ɗaga ido ya dubi duwatsun da ke kewaye da shi, yana duban irin mafakar mutanen dā. A zamaninmu ma, ranar Kirsimati ta 2011, bam ya kashe mutum fiye da talatin a majami'ar Santa Teresa ta Madalla. A 2014 aka sace 'yan mata fiye da ɗari biyu a makarantar Chibok, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka kashe masallata fiye da ɗari a babban masallacin Kano. A farkon 2024 satar mutane ta addabi yankin Bwari. A Sudan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Daga rayuwar Crowther muna koyon abu huɗu. Na fari, kada mu rena addu'a domin wanda ba mu sani ba, gama a cikin kowane sansanin gudun hijira akwai yaron da Allah ya san sunansa, yana kuma da nufi a kansa, kamar Yusufu a hannun fatake. Na biyu, mu nemi sanin sunaye da garuruwa, yadda ikilisiyar Urushalima ta taru a gidan Maryamu tana roƙo domin Bitrus. Na uku, addu'a tana tafiya da aiki. Waɗanda suka roƙi Allah domin bayi su ne suka nemi doka, suka buɗe makaranta, shi Crowther kuma ya fanshi 'yan'uwansa da kuɗinsa. Na huɗu, roƙonmu ya haɗa da masu mulki, da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda wuta ɗaya ta ke ci tare da mu, har da masu tsanantawa, bisa ga umurnin Ubangiji cikin Matta 5:44.

Kada kuwa mu manta, a sura ɗaya aka kuɓutar da Bitrus aka kashe Yaƙub da takobi. An kwance Ajayi, an nutsar da Joshua Hart, uban Ajayi kuma bai komo ba. Ba mu da alkawari cewa kowace ƙofar kurkuku za ta buɗu a wannan duniya. Domin haka muna roƙon kuɓuta, muna kuma roƙon haƙuri da ƙarfin tsayawa ga waɗanda ba za a kuɓutar ba, da ta'aziyya ga iyalinsu.

Tambayoyi domin taro

1. Su wane ne suka yi addu'a da aiki domin Ajayi tun ba su san shi ba? Su wa ke jiran irin wannan daga gare mu?
2. Me ya sa Crowther ya bar gardama? Yaya ya amsa tambayoyin malamai a Ilori?
3. A karanta Ayyukan Manzanni 12:1-5. Me za mu faɗa wa gidan da aka yi wa addu'a amma nasu bai komo ba?
4. Akwai 'yan gudun hijira a unguwarmu? Ƙungiyar mata zumunta ko ta matasa ta taɓa kai musu ziyara?

Kafin a tashi, kowa ya ambaci gari ɗaya ko gida ɗaya da ya sani yana cikin wahala, a rubuta, a raba sunayen tsakanin 'yan taro, kowa ya riƙe nasa cikin addu'a har mako mai zuwa.